Wandon Kakin da Ke Ƙasan Adaka

Tun ranar da uwarku ta sa ku fitar da kayan adakata a shanya, kuka ci karo da gajeren wandon kaki a can ƙasa, ban sake samun sakat a gidan nan ba. Hadiza ta ɗaga shi sama tana dariya har da riƙe ciki, wai na wane yaro ne. Da na ce nawa ne, sai kuka haɗa baki kuka ce ashe gaskiyar Baffanku Sule ce, da yake cewa an sa ni makarantar boko na gudo. To, ku natsu ku ji. Sule taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma kun san a tsakanin taubasai ba a kai ƙarya gaban alƙali. Amma wannan ƙaryar tasa ta yi tsawon rai har ta fara furfura, don haka bari in rubuta yadda abin ya faru tun kafin ta riga ni shiga tarihi.

Kakanku Malam Umaru yana da zaure a Tambuwal, kuma shi da kansa yake karantar da mu: Alƙur'ani, da ajami, da lissafin rabon gado, da yadda ake gaida manya. Mutum ne mai kirki, amma ban taɓa ganin wanda ya kai shi jan ƙafa wajen yanke shawara ba. In zai sayi jaki, ba ya tsayawa ga abin da dillali ya ce. Sai ya je gidan da jakin ya tashi, ya ga uwar jakin, ya tambayi maƙwabta ko yana harbi. Akwai jakin da ya tsufa ya mutu Malam bai gama bincike a kansa ba. Ku riƙe wannan hali nasa, don shi ne ya saya mini wandon nan, shi ne kuma ya hana ni sa shi.

A wancan zamani ba a roƙon a ɗauki yaro a boko, kama shi ake yi. Mai unguwa zai zo da dogari, a ce gidan nan za a ba da yaro guda. Ranar da suka doso ƙofarmu, Malam ya ɗaga ni cak ya zura ni cikin rumbun gero, ya mayar da murfi. Sule kuwa, da yake zaune a wurinmu saboda mahaifinsa ya tafi fatauci Kurmi, yana can bisa tsamiya yana cika baki. Reshe ya karye, ya faɗo a gaban dogari kamar an aiko shi. Aka riƙe shi a wuyan riga aka yi gaba. Na leƙo ta bakin rumbu, muka haɗa ido, na yi masa gwalo irin wanda har yau ban sake yin mai tsawonsa ba. Gwaggo Hajo, uwarsa, ta yi ta kuka sai ka ce an ɗauki gawa, mata na shigowa yi mata jaje.

Ba a jima ba jajen ya dawo kaina. Sule ya fara dawowa gida da riga da gajeren wando na kaki, da jar hula, da sabulu mai ƙamshi da ake raba musu don wanki. In ya wuce, har awaki suna ɗaga hanci. Yana ƙirga kajin Inna da Turanci, kajin kuma, munafukai, suna tsayawa a ƙirga su. Inna, mahaifiyata da ta haife ni, ta koma ba shi kunu kafin ni, wai kada ya makara a buge shi. Ni da nake ɗan masu gida, wanda aka ɓoye a rumbu saboda tsada, sai ga ni zaune a buzu da tsohuwar taguwa, ina kallon wanda ya faɗo daga tsamiya yana goge ƙafa da dutse. In na ga wandon nan a kan igiyar shanya, sai in yi ta addu'a iska ta kai shi kan dutsen Kwatarkwashi.

Ana cikin haka aka shiga hidimar zaɓen da aka yi gab da tafiyar Turawa. Kasuwa ta cika da ji-ta-ji-ta. Wasu na cewa da an karɓi mulki za a rufe duk wani zaure, a kwashe yara da mota. Wasu na cewa a'a, boko ce za ta bi Turawa ta koma inda ta fito. Malam ya daina cin abinci da daɗi. Mutum biyu ne ke neman kujerar yankinmu. Ba zan faɗi sunansu ba, don ɗiyansu na nan da rai, wasu ma kuna gaisawa da su. Mu dai yara muna kiran guda Mai Lema, saboda ko a inuwa yake sai an riƙe masa lema, ɗayan kuma Mai Keke, wani tela siriri da ke yawon neman ƙuri'a a kan keken da kukansa ke riga shi shiga gari. Malam ba ya zuwa lacca inda ake kiɗa, amma bai damu ba, don ya san mai neman mulki ba ya wuce zauren malami bai shigo neman addu'a ba.

Mai Lema ne ya fara zuwa, da rigarsa da ta cika zauren har muka matsa bango. Bayan an shafa fatiha, Malam ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, tambaya guda gare ni. In kunka ci, mi za ku yi da yaron da ubanai ka karantar da shi gida?"

"Allah gafarta Malam, wa zai taɓa zaurenka?" in ji shi, yana murmushi. "Boko ai ta 'yan ƙalilan ce, a samu masu rubuta haraji da masu allura. Ɗiyan mutanen kirki suna nan gaban iyayensu. In na ci, ko inuwar dogari ba ta sake giftawa ƙofar ga."

Malam ya yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa ji na yi kamar an mayar da ni rumbu an liƙe da laka. Na dubi mutumin nan na tsane shi tun daga rawani har takalmi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga kukan keke. Mai Keke ya jingine shi, ya shigo yana share gumi, Malam ya yi masa tambaya iri ɗaya.

"Malam, ba ni ɓoye maka," ya ce. "So nika kowane yaro shi tai makaranta. Naka, da na mai unguwa, da na Fulanin da ka kiwo bayan gari, har mata. Ka karantar da su da asuba da marece, ba mai hana ka. Amma hantsi na makaranta ne. In Turawa sunka tafi, wa za ya zauna ofis? Baƙi za mu ɗauko su karanta muna takardar gonarmu?"

Malam ya ɗaure fuska. Ni kuwa na zame na fita, na tuɓe taguwata na goge masa keke tas, har da ƙarƙashin sirdi. Daga ranar babu wanda ya kai ni son Mai Keke a ƙasar Sakkwato. Ba ni da ƙuri'a, ba ni da ko gashin baki, amma in ana sallah ina sa shi a addu'a kafin iyayena. Ba don talakawa nake yi ba, kada in yi muku ƙarya. Don wando nake yi.

Da rana Malam ya shiga cikin gida yana yabon Mai Lema, wai mutum mai sanin darajar malamai. Inna na bakin turmi tana surfe, ba ta ko ɗago ba. A lokacin mata ba sa jefa ƙuri'a a Jihar Arewa, amma Inna ba ta taɓa buƙatar akwati ba kafin ta faɗi ra'ayinta.

"Malam, jaki ma sai ka ga gidansu. Wanga da za ya hau ka, bakinai kaɗai ka gani."

Malam ya tsaya cak da buta a hannu. Kashegari ya ce in ɗaura wa jaki akumari, za mu Kebbe, garin Mai Lema, wai zai gaida wani tsohon abokin karatunsa. Shi a kan jaki, ni a ƙasa ina kora. Tafiyar nan, in na ce muku ƙafata ta rage tsawo kafin mu isa, kada ku musa. Muka sauka wurin abokin nasa, muka huta, sannan Malam ya ce ba zai kyautu a zo gari ba a leƙa gidan babban mutum ba. Mai Lema ba ya nan, yana yawon ƙauyuka. Wansa ne ya tarbe mu, wani dattijo mai fara'a da son zance, ya sa aka kawo fura da nono mai kauri. Kun san al'ada, in malami ya ziyarci gida ba ya tashi sai an kawo masa yara ya dafa kansu ya tofa musu addu'a. Ita Malam ya riƙo tun daga Tambuwal.

"A kawo mani ɗiyan gidan in sa musu albarka," ya ce.

Aka kawo wasu 'yan mitsi-mitsi, guda na rarrafe, guda na tsotsar yatsa. Malam ya tofa musu, ya dubi ƙofa.

"Ina manyan?"

"Af, Allah gafarta Malam, manya ai sai hutu!" in ji dattijon, yana washe baki. "Babban shina Zariya. Mai bi mai shina Sakkwato, makarantar kwana. Fuɗu gare shi can, har da mace guda. Ƙanena ba ya wasa da boko. Cewa shikai duk wanda bai sa ɗa nai ba yanzu, gobe ɗan nan na riƙe wa wani lema."

Malam ya ajiye ludayi a hankali. Ni kuwa furar ta koma mini kanwa. Da can haushin Sule kaɗai nake ji. Yanzu ga wasu huɗu da ban taɓa gani ba, har da mace, kowa da wandonsa ko zanensa na gwamnati, suna kwana a kan gado a birni. Duk hanyar dawowa ina ƙirga su a zuci ina ƙara wa jakin nan sanda, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na zaci an gama, amma kun san Malam. Ya ce ba a auna hatsi da rabin mudu, sai mun ga gidan ɗayan. Muka nufi Dogon Daji, inda Mai Keke yake. Gidan zana ne, ga keken ɗinki a rumfa. Muka same shi a gindin wata bishiya ya jingine tsohon ƙyaure da aka shafe da baƙin tukunya, yana rubutu a kai da farar ƙasa, yara biyar na zaune a gabansa suna bi. Ya ga Malam ya miƙe a rikice. Malam ya ce a kawo yara ya yi musu addu'a, Mai Keke ya ce ai ga su nan duka. Malam ya dafa kawunansu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dube shi.

"Kai da ka cewa kowa shi kai nashi, naka na gida?"

"Na kai su, Malam," ya ce, ya sunkuyar da kai. "Tun da na shiga adawa anka ce babu wuri. Na koma, anka ce babu benci. Na ce su zauna ƙasa, anka ce babu ƙasa. Shi ne na ce ɗan abin da na tsinta wurin wani akawu, bari in ba su da kaina kafin in hau keken ɗinki."

Malam ya jima yana kallon ƙyauren nan. Ya sa ƙaramar cikinsu ta karanta masa abin da ke jiki, ta karanta tiryan-tiryan. Ko ita sai da na harare ta. A hanyar dawowa, da muka hango Tambuwal, sai ya yi magana kamar da jakin yake.

"Guda ya ce mu tsare namu, ya kai nashi. Wanga kuwa ko ƙasar zama an hana ma ɗiyanai, bai fasa ba. Ashe dai dukansu sun san inda abin yake."

"To Malam, ni fa?" na ce.

"Ina dubawa, Garba."

Ya kuwa duba. Aka yi zaɓe, Mai Lema ya ci, Mai Keke ya koma kan ɗinkinsa. Wanda Malam ya jefa wa, har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba, ko Inna. Ya yi istihara. Ya je Sanyinna ya shawarci wani malaminsa. Malamin ya ce a bari a ga kamun ludayin sababbin masu mulki. Aka ɗauki sababbin yara a makaranta Malam na dubawa. Damina ta faɗi, ya ce a bari a yi noma tukuna. Ni kuma a daminar nan ban san abin da ya shiga jikina ba. Ni da dawar gonarmu muka yi tsere, na riga ta. In na kwanta da dare taguwa na gwiwa, in na tashi da safe tana cibiya. Inna ta ce in daina miƙewa a ɗaki kada in huda mata jinka.

Ranar da aka karɓi 'yancin kai ita ce ranar da na fi kowace baƙin ciki, Allah ya yafe mini. Aka jera 'yan makaranta a fili, kowa da 'yar tutarsa, aka yi musu shinkafa da nama, aka ba kowa kofi ya tafi da shi gida. Ni ina bayan shinge tare da sauran 'yan kallo, kaina ya zarce na kowa, don haka babu lomar da ta wuce ban gani ba. Da aka tashi Sule ya zo yana kaɗa tuta a hancina, ya miƙo mini wani abu a ƙunshe cikin ganye.

"Ungo, ɗan rumbu. Ga naka 'yancin."

Na buɗe, ƙashi ne, ya tsotse shi har ya yi fari. Na bi shi da gudu har bakin kasuwa. Da na kama shi a ranar, da yau ba ku da Baffa.

Ina jin Malam ya ga abin da ya faru, don bayan sallar la'asar ya kira ni ya ce in je wurin tela a auna ni. Ban taka ƙasa ba har shagon. Aka ɗinka wandon nan da kuka gani, na karɓo, Inna ta ce kada in kuskura in sa shi sai ranar shiga makaranta, kada ya tsufa. Na sa shi ƙarƙashin matashi, ina shinshina shi safe da yamma, har lokacin ɗaukar sababbin yara ya zagayo. Ranar na yi wanka har fatata ta yi zafi, na zura ƙafa, wando ya zo cinya ya ce nan ne iyakarsa. Na ja, Inna ta ja, Gwaggo Hajo ta zo ta kama, Sule na bango yana birgima don dariya. Ƙarshe na sa taguwata, na naɗe wandon a hammata, muka tafi, Malam a gaba.

A filin makaranta an jera yara, hedimasta na bi yana gwada su. Gwajin shi ne yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓo, ya isa shiga. In bai taɓo ba, sai baɗi. Na shiga layi kamar raƙumi cikin tumaki. Da aka zo kaina na ɗora hannu, ya wuce kunne, ya wuce muƙamuƙi, ya kamo haɓa. Hedimasta ya ɗaga kai yana kallona, ya tambayi sunana. Na buɗe baki in ce Garba, sai wata murya ta fito wadda ni ma ban san da ita ba, irin ta bajimin sa. Yara biyu suka fashe da kuka.

"Allah gafarta Malam," in ji hedimasta cikin ladabi, "wannan ai ya kusa biyan haraji. Da bara ne ma, da na rufe ido na karɓa. Yanzu ko bencin ba zai ɗauke shi ba."

Malam bai roƙa ba, bai yi gardama ba. Ya yi godiya muka juyo. Ni ina gaba ina haɗiye kuka, don ƙato irina ba ya kuka a titi. Sai da muka kai ƙofar gida ya kira sunana, na waiwayo, na ga idonsa ya kaɗa.

"Na tai Kebbe, na tai Dogon Daji, ina duba ɗiyan mutane," ya ce. "Nawa na girma gabana ban duba ba."

Ban taɓa jin ya faɗi magana irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. A shekarar ya kai ƙannena duka makaranta da hannunsa, har da Gwaggonku Asabe, mutane na ta surutu bai kula ba. Ni kuma ya ciro tsohon ƙyauren ɗakin awaki, ya sa Inna ta shafe shi da baƙin tukunya, ya jingine shi a zaure, daidai yadda ya gani a gidan Mai Keke. Sannan ya kira Sule.

"Daga yau, in ka taso, abin da anka koya maka ka koya ma Garba. Kai kuma Garba, muddin shina gaban ƙyauren ga, Malam za ka ce mai."

Ku duba wannan hukunci. Ni da na yi masa gwalo daga rumbu, ni ne zaune a tabarma, gwiwoyina sun kai kunne, shi yana tsaye da wandonsa da 'yar tsumagiya, yana cewa, "Ɗan rumbu, maimaita!" ni kuma ina cewa, "To, Malam," haƙorana na cizon juna. Da haushin nan na koyi karatun boko, don na rantse sai na riga shi gama littafinsa in ga yadda fuskarsa za ta yi. Da shi nake rubuta muku wannan. Sule ya wuce Sakkwato, ya wuce Kaduna, ya dawo da mota da tumbi. Ni na gaji zauren kakanku da ƙyaurensa, kuma kun ga yadda nake yi da ku: asuba da marece nawa, hantsi na makaranta, ba na kuma jiran kowa ya ci zaɓe kafin in kai ku.

Saboda haka in Baffanku ya sake cewa na gudo daga boko, ku ce masa ba a gudu daga inda ba a shiga ba. In kuma kuna son sanin ko har yanzu ina jin haushinsa, to, ranar sallar da ta wuce ya zo da sabuwar mota, na taya shi murna da zuciya ɗaya, ko gezau ban ji ba. Motar ba ta dame ni ba. Amma ku mayar mini da wandona inda kuka same shi, ku ninke shi yadda yake. Shi ya sa nasa har ya yage. Nawa ko wanki bai taɓa gani ba.